Hoton Tasalla a Ruwan Bagaruwa

"Ka cika kanwa," in ji Baba Mahmuda daga kan tabarmarsa. "Fuska za ka hwarar, ba tuwo za ka jiƙa ba."

Na rage. Ina tsugune a ƙofar ɗakinsa da roba biyu, shi kuma numfashinsa na fita da ƙyar. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa a bayan tashar jirgin Kaura. Tun da na bar makaranta na gwada acaba, na gwada dako a kasuwar hatsi, ban zauna ko'ina ba. Shi kaɗai ne bai taɓa tambayata me nake yi da rayuwata ba.

Mai hoto ne. A shekarar da aka ba mu jiha, har daga Shinkafi da Zurmi ake zuwa wurinsa, saboda hotonsa ba baƙi da fari ba ne. Yakan shafa wa takarda magani, ya ɗora fim a kai, ya danne da gilashi a rana. Hoton ya fito shuɗi, ya kashe shuɗin da kanwa, sannan ya tsoma shi a ruwan bagaruwa irin ta majema, ya koma launin ƙasa mai ɗumi. Yakan ce baƙi da fari na fasfo ne, mutum kuwa launin ƙasa gare shi.

Da shari'a ta zo, babu wanda ya rufe masa shago. Mutane ne kawai suka daina zuwa. Ɗansa Zaharaddeen ne ya sa wa ɗakin wanke hoton kwaɗo, ya ƙone hotunan gidan duka, har da na mahaifiyarsa marigayiya Tasalla, don babu ɗankwali a kanta. Fim ɗaya ya tsira, na Tasalla, a cikin matashin kan tsohon.

"So nike in ga Tasalla kahin in tahi," ya ce da ni da ciwon ya kwantar da shi. "Na hwara mance hancinta."

Damina ce, hadari ya yi ta hana mu rana. Ranar da ta fito, Zaharaddeen yana kasuwa, sai muka fara.

Ina tsoma takardar a bagaruwa Zaharaddeen ya yi sallama. Ya dubi robar, ya dube ni.

"Armiya'u, mi kaka yi cikin gidanmu?"

"Aikin Baba ne."

"Mutum na bakin kabari, maimakon kalmar shahada, hoto za ka kawo mai? Mala'ikun rahama ba su shiga inda hoto yake. Kai ko makarantar boko ba ka iya gamawa ba, balle ka san wannan."

"Zaharaddeen," tsohon ya kira a hankali, "uwarka ta."

"Na san uwata, Baba. Addu'a nika yi mata."

Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki robar da kansa, ya kai ta waje ya ajiye a gefen kwata, ya tsaya a bakin zaure har na fita.

Na ɗauki robar, na ƙarasa aikin a gidanmu. Fuskar ta taso sannu a hankali: mace mai wushirya, ta kusa yin dariya. Na ɗauko takardar tana ɗiga, na hau turmi na leƙa ta katanga, na ɗaga ta sama ina kiran Baba. An saki labulen ɗakinsa. Ban sani ba ko ya ji ni. Kafin la'asar mata suka fara salati.

Da ni aka yi masa wanka, ina zuba ruwa. Zaharaddeen ya kama hannun uban yana cuɗa yatsun, waɗanda bagaruwa ta rina tun kafin a haife mu. Ya ƙara sabulu, ya kankare farcen.

"Bar shi hakanan," in ji liman. "Wanga ba ya hita."

Zaharaddeen ya dubi yatsuna a kan butar, su ma sun rine. Ya kau da kai, ya ja likkafani ya rufe hannun.

Da muka dawo daga maƙabarta, hoton na nan a igiyar shanyar Innata, tsakanin zani da ɗan tofi. Ya bushe, gefensa ya ɗan naɗe. Tasalla na kallon katanga.