Ambulan ɗin Akwatin Ƙarfe

Kofur yana goge bindigarsa a bakin rami, sai magatakardan rundunar ya zo ya tsuguna gabansa, hula a hannu.

"Kofur, na yi ɓarna. Ambulan ɗinka ta bi motar wasiƙu shekaranjiya."

"Wace ambulan?"

"Ta akwatin ƙarfe."

Kofur ya ajiye tsumman. Ƙa'idarsu ce kowane soja ya rubuta wasiƙar ban kwana kafin ya fita sintiri, a kulle ta a akwatin. Ba ta zuwa gida sai mai ita ya mutu, kuma matansu duka sun san haka. Matar Kofur tana da cikin wata takwas, ga hawan jini.

Waya ba ta kamawa sai a kan tudun bayan sansani, inda harsasai ke tona ƙasa tun safe. Kofur ya nemi izinin hawa wajen Sajan ɗinsu. Sajan ya kalli tudun ya ce, "Minti biyu. In ka ɗaga kai, ni zan rubuta mata ta biyu, kuma ka san rubutuna."

Kofur ya ja ciki har sama, tsakuwa na yankar gwiwar hannunsa. Ya kwanta bayan wani dutse, ya kira. Ta yi ta ringi har ta katse. Harsashi ya daki dutsen, ƙura ta cika masa baki. Ya sake kira.

Aka ɗauka.

"Maman 'yan biyu, ni ne. Ina raye. Kuskure aka yi. Kar ki buɗe."

Can nesa ya ji yaran suna faɗa kan cokali.

"Ɗazu aka kawo ta," ta ce a hankali. "Na karanta. Sau uku."

"Jikin naki fa? Kin sha magani?"

"Shekara tara muna tare, ba ka taɓa cewa girkina ya yi daɗi ba. Ashe shafi huɗu kake ɓoyewa."

Sajan ya busa usur daga ƙasa.

"Ki ƙona ta," in ji Kofur.

"Ba zan ƙona ba. Tana ƙarƙashin filo. Ka dawo ka karanta mini da bakinka."

Layin ya yanke. Kofur ya manna fuskarsa da ƙasa, ya soma saukowa a hankali, fiye da yadda ya hau.