Rabin Kitso

Rabin kan maƙwabciyarta ta kitse lokacin da naƙuda ta taso wa Ƙanƙara. Ta saki tsinken tsaga, ta dafa bango.

"Yaya, kira min maigidana."

Mai kitso ce, hannunta ne ya jawo mata sunan. Ko ana zafin da ke narka kwalta, yatsunta sanyi ƙalau. Da ta taɓa ruwa sai su yi fari fat, su koma shuɗi. Mata kan ba ta kai suna tsokana: "Wash! A firij kika kwana?" Ita ma dariya take yi.

Yayar, wato maƙwabciyar, ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitson, suka nufi asibiti da mijin, wani mai walda. Aka ce cikin ya kwanta a gicciye, sai an yi aiki. Nas ta leƙo a gaggauce.

"Tana da wani ciwo? Zuciya, hawan jini, jijiyoyi?"

"Lafiyarta lau," in ji mijin, ya dubi Yaya.

"Ko ciwon kai ba ta cika yi ba," Yaya ta ƙara, tsakaninta da Allah.

Suna kan benci suka jiyo kukan jariri. Mijin ya miƙe, baki har kunne. Sai kuma aka fara shige da fice a guje, babu mai kallonsu.

Can likita ya fito, ya cire hularsa.

"'Yarka na nan lafiya. Uwar ce jini ya ƙi tsaya mata, muka yi mata allurar da ke ɗaure mahaifa. Allurar tana matse jijiyoyi, sai na zuciyarta suka toshe. Mun yi iya yinmu, sai haƙuri." Ya dubi mijin. "Yatsunta kan yi fari in ta ji sanyi?"

"Ai shi ya sa muke ce mata..." Mijin bai ƙarasa ba.

Yaya ta matso. "Likita, dama wannan ciwo ne?"

"Ciwo ne, Mama."

Yanzu jaririyar a ɗakin Yaya take. Uban kan shigo daga aiki, ya buɗe zanen goyo, ya dudduba 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya hura musu iskar bakinsa, ya fita.

Rannan wata maƙwabciya ta ga ɗankwalin Yaya ya zame, rabin kitson ya bayyana.

"Kai, Yaya, har yanzu? Zo in tsefe miki."

"Bar shi," ta ce, ta gyara ɗaurin.