Furen da Ya Rufe Tunga

Murjanatu ba ta iya kallon idon mutum ba. In baƙo ya yi sallama gidansu sai ta shige bayan bandar Innarta, ta gwammace hayaƙin kifi ya cinye mata ido da a ce ta tsaya amsa gaisuwa. Amma miƙa mata waya, sai ka ga wata Murja dabam.

Akwai wani guruf na mata a Wasaf, sunansa Sanyin Ido. Su ɗari biyu da wani abu ne, daga Yelwa har Abuja, kuma ba a komai a ciki sai tura hoton abin da ya yi kyau: sabon labule, falo mai fitila tana reto, zanen bango, kofin shayi kusa da fure. Wata ƙawarta ta sakandare ce ta saka ta. Wata uku tana leƙe ba ta ce uffan ba, sannan rannan ta tura faɗuwar rana a bakin ruwan tungarsu ta masunta, can ƙasa da Wara. Kafin ta gama wanke-wanke mata arba'in sun ce Masha Allah.

Daga nan ta gane sirrin abin. Gidansu ɗaki biyu ne na laka, hayaƙin banda ya mai da bangon baƙi ƙirin. To amma in ta durƙusa gefen randa ta ɗan karkata waya, sai faifan Inna guda uku da ke rataye su fito tare da hasken taga, kwandon ƙayar kifi da tsohon buhu su tsaya a waje. Har shugabar guruf ɗin, Hajiya Uwani, ta taɓa tambaya wa ya tsara musu ɗakin.

Inna Barira ta leƙa hoton, ta leƙa ɗakin, ta taɓe baki. "Wagga waya taki ba ta jin ƙarni, shi ya sa."

A shekarar nan ne ruwa ya zo da baƙuwar kainuwa. Ba ƙaramar nan da aka sani ba, wata ce mai kauri, mai saiwa kamar gashin mahaukaciya, da fure shunayya a kanta. Iska ta koro ta cikin lungun da tungar take, ta cushe shi tun daga bakin gaɓa har inda ido ya gaji. Maza suka yi gayya da adduna. Abin da suka sare da safe, kafin la'asar iska ta cike gurbinsa. Jirage suka zauna a tabo, banda ta huce, kuliyoyi ma suka fara ƙaura.

Mahaifin Murja, Malam Altine, bai san wata sana'a ba sai su. Yana da ƙane a Shanga mai gonar albasa, wanda ya daɗe yana cewa ya bar ruwa ya zo ya kama masa aiki. Rannan suna cin tuwo da miyar da ba kifi, Malam Altine ya ce in watan nan ya mutu hanya ba ta buɗe ba, zai sayar da jirginsa su tattara su koma Shanga. Ya faɗa a hankali, kamar mai ba da labarin wani. Murja ta dube shi a sace. Mutumin da ya goyi ƙanen nan a bayansa, shi ne zai je ya durƙusa masa a kan kunya yana cirar ciyawa.

Sarkin Ruwan tungar, Tamada, ya shirya ya tafi birni, ofishin da ke kula da sha'anin ruwa. Ya wuni a benci, sannan Darakta, wani Alhaji Surajo, ya ce masa kowa da kuka yake zuwa ofishin nan, in da gaske ne a kawo hoto.

"Murja!"

"Na'am, Baba."

"Sarki ya ce ke kinka iya abin ga na hoto. Gobe ki ɗauki ruwan ga, manya za su gani."

Kalmar nan ta manya ita ta jawo komai. Kafin gari ya waye labari ya zaga tunga cewa hoto zai je gaban hukuma. To wa zai yarda a kai shi gaban hukuma da tsumma? Mata suka fito da tsintsiya suka share bakin ruwa tas, suka kwashe matattun kifin da kainuwa ta shaƙe, suka binne. Aka ja ruɓaɓɓun taruna bayan gida. Maza suka yi aski, aka buɗe akwatuna, ƙanshin kafur ya tashi. Tamada ya naɗa rawani har da kunnuwa. Malam Altine ya sa farar shaddar da ba ya taɓawa sai Sallah.

"Kai Altine, ɗaga kai mana!" in ji Tamada. "Kana son a ce mutanen tunga ba su ci ba?"

"Ai ba mu ci ba, Sarki."

"To sai ka gaya ma duniya?"

Murja kuma ta yi nata. Ta ce rana ta yi tsaye da yawa, a jira la'asar. Mutum hamsin suka zauna cikin kayan Sallah suna jiran rana ta sauko. Da ta sauko, ta zuba ruwan zinariya a kan furen nan, sai Murja ta ɗaga waya. Ta durƙusa, ta karkata, ta matsa hagu don kada jirgin nan da ya fara ruɓewa ya shigo. Ta ɗauki Babanta tsaye a kan jirginsa, fari fat a tsakiyar shunayya, wani balbela ya taimaka ya gifta. Ba ta taɓa ɗaukar abu mai kyan wannan ba. Hannunta har ƙaiƙayi yake, kafin magariba ta tura uku a Sanyin Ido.

Aka wanke hotunan a Yelwa, Tamada ya kai. Bayan kwana shida ya koma jin amsa, ya dawo da yamma rawaninsa a hannu. Maza suka kewaye shi gindin mangwaro, Murja na laɓe bayan zana tana ji.

"Sun sa mu a gilashi," in ji shi. "Wallahi hoto ukku ga bango, sama da kan Darakta. Har lemu anka ba ni."

"Aikin fa?"

"Ya ce mu gode Allah. Wai mutanen da ka saka shadda ran Talata ba su da matsala. Wai shi da zai samu wuri irin wanga, da can zai yi ritaya."

Ba wanda ya yi dariya. Malam Altine ya shigo gida, ya tarar da ita tsaye kamar wadda aka dasa. Ta jira faɗa, ta ma fi son a yi mata faɗan. Shi kuwa sai ya ce, "Hoto ya yi kyau, ɗiyata," ya wuce ya aika a gaya wa wani dillalin jirage na Wara ya zo ran Lahadi. Saura kwana tara wata ya mutu, amma bai ga amfanin jira ba.

Washegari saƙo ya shigo mata, ba a guruf ba, ita kaɗai. Hajiya Uwani ce. Ashe ita ce uwargidan Darakta. Ta ga hotunan a guruf, ta je ofis ta sake ganinsu a bango, ta ce ai wannan aikin 'yarta Murja ne. Yanzu dai ta matsa wa Alhaji, ran Asabar za su ɗauko jirgi mai inji daga Wara, tana son a ɗauke ta a tsakiyar fure da sabon leshinta. Ina ne furen ya fi cika?

Murja ta zauna bakin murhu da waya a cinya. Ta rubuta, "Hajiya, jirgi mai inji ba ya shiga, saiwar tana naɗe farfela." Ta karanta. Ta ɗaga kai, ta hango Babanta ta ƙofa yana wanke jirgi da soso, yana gyara shi don idon mai saye. Ta goge abin da ta rubuta, harafi ɗaya-ɗaya. Sannan ta rubuta, "Can tsakiya ya fi cika, Hajiya, daidai da doguwar giginya. Da hantsi iska kan ɗan buɗe hanya ta wajen babban ruwa."

Ba ƙarya a ciki ko ɗaya. Abin da ta bari a cikinta shi ne, hanyar nan ba ta kai azahar a buɗe.

Ran Asabar da hantsi aka ji ƙugin inji. Jirgin ya biyo 'yar hanyar nan a hankali, direban yana ta waige-waige, Darakta yana nuna masa gaba da sanda. Hajiya Uwani ta miƙe cikin leshi ruwan madara, ta buɗe hannuwa, wata ƙanwarta tana ɗauka. Ta zauna, ta tsinki fure ta kai hanci, ta yi saurin mayar da shi. Suna cikin haka iska ta juya. Kainuwa ta haɗe a bayansu shiru, kamar an ja labule. Direba ya ja inji, inji ya yi tari sau biyu ya mutu.

Duk tunga ta fito bakin gaɓa, wannan karon kowa da tsummansa.

Da farko Hajiya dariya take. Sai rana ta take. Abin da waya ba ta ɗauka ya fara tasowa daga ƙarƙashin fure, warin ruɓaɓɓen ganye da mushen kifi. Sauron da ke kwana cikin saiwa ya ji baƙi sun zo. Wani koren maciji ya ɗora kai a gefen jirgi ya duba leshi, ƙanwar Hajiya ta ƙwalla ƙarar da aka ji har Wara.

"Kai! Sarkin Ruwa!" Darakta ya haɗa hannu a baki. "Ku kawo jirgi mana!"

Tamada ya sa hannu a kunne. "Ranka shi daɗe, barka da hutawa!"

"Na ce ku kawo jirgi!"

"Wane daga ciki? Ga su nan ashirin da ɗaya, zaɓi!"

"Wasa nake da kai?"

Malam Altine ne ya amsa, shi da ba ya ɗaga murya. "Ranka shi daɗe, kwana talatin da biyu ke nan muna neman hanyar zuwa inda kake. In ka gano ta daga nan, nuna muna."

Hajiya na ta tafi tana kashe sauro. Can aka hango Darakta ya ciro waya. Ruwa yana kai magana nesa, don haka kowa ya ji shi sarai yana ce wa wani a ofis wannan annoba ce, wa ya ɓoye masa, a fito da manyan jirage biyu da lebura, a rubuta gaggawa da jan biro, a'a ba Litinin ta sama ba, wannan Litinin ɗin.

Sai da ya kashe wayar Tamada ya ce, "To samari, a ɗauko adduna. Baƙo ba ya kwana cikin ruwa."

Awa uku suna sara, ruwa iya ƙirji, Malam Altine a gaba. Da aka jawo jirgin gaɓa, fuskar Darakta ta yi kumburi kamar ƙosai, leshin Hajiya ya koma ruwan tabo. Mata suka kawo ruwan wanke ƙafa da fura. Hajiya ta bi taron da ido.

"Ina Murjar take?"

Murja na bayan banda. Inna ta jawo ta da hannu. Ta durƙusa, idonta a ƙasa, ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya."

"Ke ce? To me ya sa ba ki ce wurin yana wari ba?"

Murja ta amsa a hankali, "A guruf an ce abin da ya yi kyau kaɗai ake turawa."

Hajiya ta sunkuya tana wanke ƙafa. Dokar ita ta kafa ta da hannunta.

Ran Lahadi dillali ya zo, Malam Altine ya ba shi goro ya ce ya gai da gida. Litinin ba a ga kowa ba, Talata ma haka, har Inna ta fara cewa manya sun warke daga cizon sauro. Ran Laraba sai ga jirage biyu da lebura da igiyoyi. Suka yi kwana huɗu suna ja, aka tara kainuwa tsibi-tsibi a tudu tana bushewa. Asubar da Malam Altine ya tura jirginsa ya ji ya tafi sumul, ya yi ta tuƙi har ya zama ɗigo.

Murja ta ɗauka za a cire ta daga guruf. Da yamma sai ga Hajiya Uwani ta turo hoto, wanda aka ɗauka kafin iska ta juya: ita ce tsaye hannuwa buɗe, leshi fes, fure ko'ina. A ƙasa ta rubuta, "Mun je shan iska tafki. Natsuwa sai wanda ya gani." Mata suka yi caa, kowa na tambayar ina ne, yaushe za a shirya a je gaba ɗaya.

Murja ta karanta wa Inna, Tamada yana zaune a zaure yana jiran rabonsa na tarwaɗar farko. Ya tsaya da taunar goro.

"Su nawa ne cikin abin ga naku?"

"Sun fi ɗari biyu, Baba Sarki."

"Duk matan manya?"

"Da yawansu."

Ya juya yana kallon hanyar da ta fita daga tunga, wadda damina ta cinye rabinta tun shekara uku, babur ma sai an tura.

"Ɗiyata," in ji shi, "bincika muna a hankali. Wace ce mijinta ka kula da hanya?"