Gashin Kanakamma

Shekarata goma sha tara ina aski a wurin ibada da ke kan dutsen Tirumala, a ɓangaren mata, inda masu ziyara ke sauke gashin da suka yi wa ubangijinmu Venkateswara alkawari. Yawancinsu da murna suke zuwa. Wata ta samu haihuwa, wata mijinta ya tashi daga jinya. Su zauna a gabana suna kiran sunansa, in jiƙa kai in sa aska.

Kanakamma ta zo wata Talata da hantsi. Za ta yi shekara arba'in da ɗoriya, kitsonta guda ɗaya har kugu. Ƙafafunta a kumbure suke, na gane a ƙasa ta hawo dutsen, ba ta shiga mota ba. Ta miƙo mini tikiti da sabuwar reza, ta zauna.

"Duka za a kwashe, ko a ɗan yanka?"

"Duka, Yaya."

Ina warware kitson na tambaye ta wace buƙata ce ta biya, kamar yadda nake tambayar kowa.

"'Yata ce, Sirisha. Sankarar jini. Watanmu bakwai a asibiti. Na ce in ta dawo gida da ƙafarta, zan kawo masa gashina."

"Madalla. Tana waje ke nan?"

"An ƙona gawarta wata uku da suka wuce."

Hannuna ya tsaya a cikin gashin.

Ta ce, "Ai ta dawo, Yaya. Da kanta ta sauko daga mota. Ta ci shinkafa da miyar tsamiyar da na dafa, har ta yi faɗa da ƙanenta a kan talabijin. Kwana goma sha ɗaya ta yi a gida. Ni da na yi alkawarin ban faɗi yawan kwanaki ba."

Sai wani siririn mutum ya leƙo daga bakin ƙofa, riƙe da jakar kayanta.

"Kanakam, tashi mu tafi. Me ya ba ki da za ki saka masa?"

Ba ta waiwaya ba. "Jira ni a waje, baban Sirisha." Ta rage murya ta ce mini, "Mijina ne, Ramanaiah. Tun daga garinmu Nellore muke wannan maganar. Amma tare muka hawo."

Na zuba ruwa na fara. Gashin ya riƙa zubowa a cinyarta, ba ta kira sunan kowa ba. Da na gama ta ɗaga hannu a hankali ta ɗora a kanta.

"Haka kan Sirisha ya koma bayan maganin," in ji ta. "Ta ce, Inna, taɓa ki ji. Na kasa. Na yi kamar ban ji ba, na ɗauki buta na fita."

Ta daɗe tana shafa kan, tana kuka ba sauti. Matan da ke layi suka fara ƙorafi, na ce su koma wajen mai askin da ke kusa da ni.

Da na fita shan shayi na same su a gindin wata bishiya. Ta yi wanka ta sauya zanenta na sari. Ramanaiah ya sayo kwaɓaɓɓen garin itacen sandal yana shafa mata a ka saboda zafin rana, yana bi a hankali har bayan kunne. Na tambaye shi ko za su shiga layin ganin ubangijin tare.

"Zan kai ta bakin layi," ya ce. "Ni ba ni da abin da zan faɗa masa."

Ya wanke hannunsa, suka tashi. Ta shiga ita kaɗai, shi kuma ya samu wuri a kan dakali ya zauna da jakar a cinyarsa.