Ba a Ƙirga Auta Ba

Sau huɗu Iya mai wanki tana zuwa ofishin ɗan majalisar nan da ake ce wa Mai Jan Biro, sau huɗu sakatariya tana ce mata ya fita. Ran na biyar ba ta tambayi kowa ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu, jikarta 'yar wata bakwai a cinya, ta ce duk mai shiga sai dai ya tsallake ta.

Da ya iso bai tsallake ba. Siririn mutum ne, tsohon malamin makaranta, hammata cike da takardu. Sunan ya samo shi ne don duk ma'aikatar da ta kawo kasafin kuɗinta da rahoton aikinta, sai ya bi su layi-layi da jan biro kamar jarrabawar yara.

"Iya, lafiya? Tashi mu shiga ciki."

"Da lafiya za ka gan ni yashe a ƙasa kamar buhu? Kai ne mai yi wa ministoci tambaya?"

"Ni ne, in an ba ni dama."

"To ka tambayar mini mai kula da asibitoci inda ya kai 'yata."

A ciki ta ƙi kujera, a tsaye ta ba shi labarin. Autarta ta haihu a ƙaramin asibitin unguwa da hantsi, jini ya ɓalle, nas ta ce a garzaya babban asibiti. Motar ɗaukar marasa lafiya tana nan a tsakar asibitin, a kan bulo huɗu, ba taya ko ɗaya. Iya ta fi kowa sanin motar, don shekara goma sha ɗaya tana wanke zannuwan gadon asibitin, kuma a jikin motar take shanya. Mijin Auta ya fita titi ya taro motar kaya. Suna ɗora ta aka miƙo wa Iya wata takarda aka ce ta dangwala, ta dangwala ba ta tambaya ba. Wa ke tambaya 'yarsa na zubar da jini? Daidai kan gada Auta ta cika a cinyarta. Da suka isa babban asibiti aka ce gawa suka kawo, ba a shigar da ita a littafi ba.

"Na yi haƙuri, ɗan nan. Na ce kwananta ne ya ƙare. Sai ga shi watan jiya an zo da masu ɗaukar hoto, an rataya wa asibitinmu takardar yabo a bango. Wai bana ba mace ko ɗaya da ta mutu wajen haihuwa. Kullum sai na wuce ta gabanta da wanki a kaina."

Mai Jan Biro ya jawo rahoton ma'aikatar lafiya, ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa. Ga asibitin. Mata da suka rasu: sifili. Mota: tana aiki, har an ware mata kuɗin sababbin tayoyi shekara uku a jere. Ya cire gilashinsa ya murza ido.

"Iya, haka suke yi. Ƙaramin asibiti yana ƙirga wadda ta mutu a cikinsa, babba yana ƙirga wadda ta shigo da rai. Ta hanya ba ta kowa ba ce. Me kike so? Diyya?"

"Ka ga na zo da kwano? A ƙirga ta kawai. Yarinyar nan za ta girma ta ce ina uwata. In ce mata me? Hukuma ta ce ba wadda ta mutu?"

Ranar da za a kare kasafin ma'aikatar, ya sa aka ba ta wuri a benen 'yan kallo. Mai gadi ya ja mata kunne: ba magana, ba tafi. Ta leƙa ƙasa ta ga rabin kujerun ba kowa, waɗanda suka zo ɗin ma kansu na kan waya. Minista yana zaune ya sha turare, mutum uku a bayansa riƙe da jakunkuna.

Minti biyar aka ba Mai Jan Biro. Ya ɗaga rahoton, duk ya yi jawur da biro, ya faɗi shafi, ya tambayi inda tayoyin shekara uku suka shiga. Minista ya ce za a bincika. Sai ya kawo zancen matar da ta rasu da rahoton bai ƙirga ba.

Minista ya miƙe yana murmushi. "Ya shugaba, ina so mai girma ɗan majalisa ya gaya mana, a wane asibiti ta rasu?"

"A hanya ta rasu, saboda motar..."

"To kun ji, a hanya. Ni ba ministan hanyoyi ba ne."

Aka kwashe da dariya, wasu har da buga tebur. Ɗaya daga masu jakunkuna ya miƙo masa takarda, ya ɗaga ta sama. "Ga kuma takardar sallama. Da ranta aka sallame ta, mahaifiyarta da kanta ta dangwala."

Iya ta dubi babban yatsanta. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Ni na dangwala! Ban iya karatu ba, amma na iya wanki! Ni na wanke zanin da ta kwanta a kai, ruwa bakwai na canza bai daina ja ba! A cinyata ta mutu, kai kana ina? Ku ƙirga mini 'yata!"

Jaririyar ta tsala ihu a bayanta. Masu gadi biyu suka riƙe ta. Shugaban majalisa ya buga guduma, ya ce maganar 'yan kallo ba ta shiga kundin zama, a goge ta. Ya ce wa Mai Jan Biro saura minti ɗaya.

Yana da sauran tambaya huɗu a takardarsa, na magani da na albashi. Ya kife takardar. Ya fuskanci masu rubuta kundin, ya maimaita maganar Iya kalma bayan kalma, a hankali, har ruwa bakwai ɗin bai bari ba. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Amma da aka ce masu amincewa da kasafin su amsa, muryoyinsu sun kai har matattakalar da ake saukowa da Iya.

Bayan mako guda Mai Jan Biro ya same ta a bayan ƙaramin asibitin tana matse zani. Ya miƙa mata shafi ɗaya na kundin. Ta goge hannu a jikinta kafin ta karɓa.

"Ina wurin?"

Ya ɗora mata yatsa a kan layin, ya zagaye shi da ja.

"Nan an rubuta ta mutu?"

"An rubuta, Iya."

"A littafin minista fa?"

Ya mayar da biron aljihu. "Yana nan sifili."

Ta daɗe tana kallon jan zagayen. Ta ninke takardar gida huɗu, ta ƙulle a bakin zaninta.

"Baɗi za ka sake tambayarsa?"

"In aka sake zaɓena."

Ta gyara goyonta, ta ɗauki jiƙaƙƙen zanin ta nufi motar. Ta tsaya a gabanta kamar mai jiran a buɗe mata ƙofa, sannan ta shanya, don ba wata igiya a wurin.