Yadda Na Yi Musayar Surukina

Kada wanda ya tambaye ni yadda aka yi Hausawa suka fara buga besbol a Doha, don ni ma tarar da abin na yi. Baba Sabo ne ya jawo mana. Shekara goma sha bakwai yana tuƙi a ƙasar nan, kuma farkon zuwansa wani injiniya Ba'amurke ya tuƙa, mutumin da ya rasa abokin wasa, ya riƙa tsayar da direbansa a bayan gida yana cewa ya jefo masa ƙwallo. Ba'amurke ya koma garinsu, ya bar wa Baba safar hannu ɗaya da sanda biyu da wannan jaraba.

Wasan ba wuya. Mutum ɗaya ya tsaya kan ɗan tudu ya jefa ƙwallo, wani ya tsaya da sanda ya doke ta. In ya samu, ya ruga ya zagaye kusurwa huɗu ya dawo, an ci ɗaya ke nan. In ya kuskure sau uku, ya koma ya zauna. To duk ƙarfin ƙungiya yana hannun mai jifa, kuma tun ranar da aka kafa ƙungiyarmu, Zakarun Lusail, mai jifanmu ɗaya ne, Baba Sabo.

Ni ne kyaftin. Sunana Sunusi, gadi nake yi a wani dogon bene a Lusail. Ga kuma inda matsalar take: Baba Sabo ƙanin mahaifin matata Haulat ne. Shi ya riƙe ta tun tana ƙarama, shi ya ba ni aurenta, shi ya nemo mini bizar zuwa nan. Ko shayi ban taɓa sha a gabansa ba.

Waɗanda suka ga zamaninsa sun ce in ya saki ƙwallo sai dai ka ji ƙararta a hannun mai cafka. Ni dai abin da na tarar daban. Shekararsa hamsin da takwas, kafaɗa ta gaji, ƙwallonsa tafiya take kamar tsohuwa ta dawo daga kasuwa. Na ga wani ɗan Filifin mai aikin jinya da idona, ya gyara hularsa, ya sosa wuya, sannan ya doki ƙwallon ta tsallake katanga. A gasar ma'aikata da muke bugawa duk safiyar Juma'a an ci mu wasa bakwai a jere. Na ƙarshe sha tara da biyu ne, kuma biyun ma tausayi ne.

A ƙa'idar wasan, idan mai jifa ya gaza, kyaftin zai tsayar da wasa, ya taka zuwa tudu, ya miƙa hannu ya karɓi ƙwallon ya ba wani. Haka kowace ƙungiya ke yi. Ni ma duk Juma'a nakan tsayar da wasa, na taka da zuciyata cike da niyya. Amma da na isa gabansa sai gwiwoyina su lanƙwashe da kansu, na tsinci kaina a durƙushe.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa Sunusi, sannu kadai. Yaya zafi?"

"Zafi lokacinsa ne, Baba."

"Kun yi waya da mutanen gidan?"

"Mun yi, suna gaishe ka."

"Madalla. Allah ya yi maka albarka."

Sai in ce amin, in tashi in kaɗe wandona, in koma hannu wayam. Wata Juma'ar sau huɗu na je. Alƙalin wasa, wani ɗan Indiya, ya tambaye ni ko addu'a ce ta addininmu, don in haka ne zai daina ƙirga mini zuwan, tunda doka ta sa masa iyaka.

Ismail ne ke cafkar ƙwallo a bayan mai duka, direban tasi ne ɗan Funtuwa, kuma bakinsa ba shi da birki. Ya ce mini, "Kyaftin, ni fa barci nake yi a tsugune. Wata uku ƙwallo ba ta iso hannuna ba, duk a hanya ake tare ta. Ko ka cire surukinka, ko in dawo da tabarma."

Na ce, "Kai je ka cire shi mana."

Ya ce, "A'a, ni ba 'yarsa nake aure ba, amma ina da tarbiyya."

Ana cikin haka Abdul-Rahaman ya kira ni. Shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar 'yan Zangon Gana da ke Al Aziziya. Muka haɗu a wani shagon shayin karak da la'asar, na tafi da Ismail. Ko zama ba mu gama ba ya ce, "Ɗan'uwa, ba ni tsohon nan naku, ni kuma na ba ka Sherif."

Na ajiye kofina. Sherif fa, ƙaton da ke ɗaga kaya a filin jirgi, wanda ƙwallonsa ta taɓa fasa murfin kula.

Ismail ya ce, "Tsaya, malam. Ka taɓa ganin Baba yana jifa kuwa?"

"Na gani, mun ci ku sha huɗu. Ba jifansa nake so ba. Masu jifa uku gare ni, kowa na cewa shi ne oga. Satin da ya wuce sun yi faɗa da sanduna a kan wa zai fara, har mai shirya gasa ya ce in aka sake, khalas, ya kore mu. Babbanmu shekararsa talatin da ɗaya. Dattijo nake nema, wanda in ya yi gyaran murya kowa zai nemi wurin zama. Na ƙara muku kula ɗaya da safar hannu biyu."

Na ce zan yi tunani. Wallahi kwana huɗu na yi ina tunani a bakin ƙofar benen nan, har na sara wa mai kawo abinci na hana manaja shiga. In na karɓi Sherif, za mu daina zama abin dariyar 'yan Filifin. Amma Sherif ba ya saiti, cikin jifa biyar ɗaya a haƙarƙarin mutum take sauka. In na ba da Baba, motar fa? Bas ɗin kamfaninsu yake tuƙawa, kuma kafil ɗinsa, wato ubangidansa, ya yarje masa ya kwashe mu duk Juma'a. Ba shi, sai mu koma shiga jirgin ƙasa na metro da sanduna kamar masu zuwa tarzoma. Amma duk wannan ba shi ne ke hana ni cin abinci ba. Abin da nake tsoro shi ne mutumin nan ya dube ni ya ga butulu.

Na kira Haulat don in ɗan ji ta bakinta. Na ce, "A ce misali, wani ya ba da surukinsa aka ba shi wani ƙato da kula."

Ta ce, "Baban Kausar, rana ce ta taɓa ka? Ka riƙa sa hula."

Na tura Ismail ya share mini hanya, don irin wannan magana ba a kai wa babba kai tsaye. Ya je ɗakin Baba ranar Laraba, ya dawo yana sakace. Wai ya tarar an yi tuwon semo da miyar kuka, kuma bayan ya ci malmala uku bai san lokacin da ya ce wa Baba ai jifansa ƙara kyau yake ba. Na ce Allah ya isa tsakanina da cikinka, Ismail.

Dole na je da kaina. Ranar Alhamis na tashi aiki, na tari bas ɗinsa bayan ya sauke ma'aikata a Mushairib zai koma fanko. Na zauna a kujerar da ke bayansa, na ji daɗin haka, don ƙeyarsa kawai nake gani. Na gaishe shi har gaisuwa ta ƙare, na sake ɗauko ta daga farko. Sai da muka wuce danja uku na ce, "Baba, mutanen Gana ne suka zo neman alfarma. Wai ba su da babba, suna roƙon a ba su kai."

"A ba su ni," in ji shi. "Su kuma me suka bayar?"

"Sherif. Da kula. Da safar hannu biyu."

Ya taka birki har goshina ya gaisa da ƙarfen kujera. "Kula ɗaya? Ni Sabo, shekara goma sha ɗaya a kan tudun nan, kula ɗaya? Kira mini yaron."

Na kira Abdul-Rahaman na sa a sifika. Ban taɓa ganin mutum yana cinikin kansa ba sai ranar. Baba ya ce albarka. Ya ce a Talatar Mafara ko ɗan akuya ba a yi wa wannan tayi. Ya lissafa shekarunsa, ya lissafa wasannin da ya ci, ya ce kuma yana da lasisin babbar mota. Kafin mu kai Lusail ya karɓo mana kula biyu, safar hannu huɗu, da rumfar tamfol. Ya ce ya sallama, ya miƙo mini wayata yana dariya.

Na ji sanyi a raina, na ce ashe abin da sauƙi. Sakin jikin nan ne ya kashe ni, don sai bakina ya zarce. Na ce, "Wallahi Baba na ji daɗi da ka fahimta. Ai duk zuwan nan da nake yi tudu, ƙwallon nake son karɓa, kunya ke hana ni."

Dariyar ta tsaya. Ya dube ni ta madubi, karo na farko da idonmu ya haɗu tun ranar ɗaurin aure.

Ya ce, "Au. Ni na zaci gaisuwa kake zuwa yi." Ya ci gaba, "Har na ba da labari a gida. Na ce wa yayana, yaron nan da muka ba shi Haulat, ana tsakiyar wasa yake tsayar da Turawa da Indiyawa ya zo ya gaishe ni."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Haka ya sauke ni, ya ja bas ɗinsa ya tafi.

Sati biyu ya ci gaba da zuwa yana kwasarmu duk Juma'a kafin ya wuce ya ɗauki sababbin mutanensa. In na gaishe shi sai ya ce "lafiya" kawai, ba tambayar gida, ba albarka. Sherif ya ci mana wasa biyu, ya kuma tura wani ɗan Nepal neman ƙanƙarar da zai ɗora a haƙarƙari. Ismail ya naɗe hannunsa da bandeji yana murna. Ni kuwa ko ruwan sabuwar kular nan ban iya sha ba.

Juma'a ta uku mu da 'yan Al Aziziya ne. Ya sauke mu ya je ya kwaso su, muna gama shiri muka tarar da su a jere, shiru kamar ɗalibai, Baba na zaune kan kujera ana riƙe masa lema. Na ɗauka a nan zai wuni. Ina, sai ga shi ya miƙe ya hau tudu, wai ya ce wa Abdul-Rahaman yau shi zai fara, ba wanda ya iya musa masa.

Ismail ya fara shiga da sanda. Ƙwallo ta taho a hankali, tana ta tahowa, ya bi ta da kallo har ta wuce. Sau uku haka. Ya dawo ya ce, "Ni ba zan iya ba. Na ci tuwonsa." Na biyu ya shiga, Shehu mai wankin mota, shi har rusunawa ya yi wa ƙwallon. 'Yan Gana suka yi ta tafi, su a ganinsu tsohon ya dawo da ƙarfinsa.

Sai ni. Na tsaya da sanda. In na doka na ƙara masa wulaƙanci, in na ƙi ya san tausayinsa nake ji, kuma ban san wanne ya fi muni ba. Baba ya dube ni ya daɗe. Ya gyara hularsa, ya ɗaga ƙafa sama yadda ban taɓa ganin ya ɗaga ba, ya saki.

Ban ga ƙwallon ba. Na dai ji ta a cinyata, tim, na zube ina salati. Daga can na ji muryar Ismail yana cewa, "Ashe da sauransa. Kyaftin, an cuce mu, a mayar musu da kularsu."

Dokar wasa ta ce wanda ƙwallo ta doka ya wuce kusurwar farko kyauta. Na ɗingisa na je na tsaya. Ina ɗagowa na ga Baba ya sauko daga tudun da kansa, ba wanda ya kira shi, yana tahowa wurina. Hannunsa na dama a sake yake, ya tallafe gwiwar hannun da na hagu.

Ya tsaya a gabana ya ce, "Ya yi zafi?"

Na ce, "Ya yi, Baba."

Ya ce, "To, ni ma haka na ji."

Hawaye suka zubo mini, kuma ba na cinyar ba ne. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun da ƙwallon ta bar hannunsa, in daina kuka a gaban 'yan Gana, kuma in an tashi in kira Haulat a ba shi su gaisa. Sannan ya rage murya yadda ba wanda zai ji sai ni.

"Kafaɗar ta tafi, Sunusi, wannan ce ta ƙarshe. Ka ce wa Ismail shi zai tuƙa mu gida, hannun nan ba zai riƙe sitiyari ba."

Na bar kusurwar, alƙali na ta kirana, na riƙe masa hannun muka taka a hankali zuwa inuwa.