Ranar da Gola Ya Tare Bugun Dogo

Ƙwallon ya same shi a ƙirji, ɓangaren hagu, da wata ƙara kamar an doki ƙofar katako. Gola ya rungume shi, ya miƙe tsaye, har ya ɗaga hannu zai jefo mana. Sai gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya kife a ƙasa.

Dariya muka fara yi. Mun san halinsa, ko iska ce ta taɓa shi sai ya yi ta birgima yana kiran alƙalin wasan da ba mu da shi.

"Tashi malam, rana tana yi," in ji Dogo, wanda ya buga ƙwallon.

Bai tashi ba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na su Gola. Mai walda ne, shi da Dogo suke da rumfa a bakin titi, tun suna yara kuma ubangida ɗaya ya koya musu sana'a. Ranar hutu da safe mukan haɗu a filin bayan makaranta, magidanta masu tumbi, mu yi gudu kaɗan mu yi haki da yawa. Gola ne ƙaraminmu, shi ne kuma mai lafiyar cikinmu.

Da muka juya shi, idanunsa a buɗe suke, amma ba mu yake kallo ba. Ya ja wani numfashi mai gurnani, ya yi shiru. Wani ya kwara masa ruwa, wani ya cire riga yana masa fifita. Mai kemis, da ke tsare mana baya, ya ture mu ya durƙusa, ya taɓa wuyansa, ya shiga danna masa ƙirji da hannu biyu.

"Ku nemo mota," ya ce, bai ko ɗago ba.

A bayan motar ɗaukar kaya muka kai shi asibiti, mai kemis yana ta dannawa, Dogo ya tallafe kan Gola yana cewa, "Haba ɗan'uwa, bar wasan nan."

Likitar da ta fito wurinmu ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce sun yi iya yinsu, ya riga ya cika.

"Ni na kashe shi ke nan?" in ji Dogo.

"A'a. Ba ƙarfin bugun ba ne. Zuciya tana da wani ɗan lokaci, kamar ƙiftawar ido, tsakanin bugawa da bugawa. In abu ya dake ta daidai nan, sai ta rikice ta tsaya, ko da lafiyarta ƙalau."

Dogo ya gyaɗa kai, amma na san bai ji ba.

Ni aka tura wurin Inna, mahaifiyar Gola. Na tarar da ita a tsakar gida tana shanya, da abin maƙale wanki a bakinta. Ta cire shi tana murmushi.

"Maƙwabci, yau nawa kuka zura masa?"

 Ta dubi ƙurar da ke gwiwoyina, ta dubi bayana inda babu kowa. A hankali ta mai da jiƙaƙƙiyar rigar cikin bokiti, ta zauna a bakin rijiya.

Bayan an dawo daga maƙabarta gida ya cika da masu gaisuwa. Dogo bai shiga ba. Ya tsaya jikin falwaya a ƙofar gida, har yanzu da rigar wasa a jikinsa. Masu wucewa suna satar kallonsa, suna rage murya.

Da yamma, mutane sun ragu, Inna ta kira ni.

"Yaron nan yana waje?"

"Yana nan, Inna. Ya ce ba zai iya haɗa ido da ke ba."

"Ce masa in ya bari na fito da kaina, ransa zai ɓaci."

Ya shigo yana jan ƙafa, ya zube a gabanta. "Inna, ki yafe..."

"Rufa min baki. Tun safe ka sa wani abu a cikinka?"

Ta shiga ɗaki ta fito da kwano a rufe, wanda ta ajiye wa ɗanta ya ci in ya dawo daga fili. Ta ɗora wa Dogo a cinya.

"Ya huce," ta ce, "amma ci."

Ya riƙe kwanon da hannu biyu, bai buɗe ba. Ta zauna kusa da shi a kan tabarma, tana kore masa ƙuda da bakin mayafinta.